Gani Ya Kori Ji: Tarihin Ido a Tsakanin Tsafe, Gusau da Bungudu

Matafiyin da ya baro Funtuwa ya nufi yamma, da zarar ya wuce 'Yankara ya taka ƙasar Zamfara. Zai ratsa Tsafe, ya hango dutsen Kwatarkwashi tsaye kamar dogarin da aka ba tsaron hanya, ya shiga Gusau, in kuma bai yada zango ba ya zarce Bungudu a bakin Gulbin Sakkwato. Idan aka tsayar da wannan matafiyi aka ce ya lissafo fasihan ƙasar da ya ratsa, ba zai yi inda-inda ba. Zai ambaci Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ya ambaci Sa'idu Faru, ya ƙara da Kassu Zurmi, wataƙila har ya rero abin da ya sawwaƙa daga bakinsu. Amma a ce masa ya ambaci mai zane guda ɗaya, ko magini, ko mai zayyana da ƙasar ta haifa, nan take harshensa zai yi nauyi.

Wannan nauyin harshe shi ne abin da maƙalar nan ta sa a gaba. Zamfara ƙasa ce da kunnenta ya ƙware. Ta san bambancin kiɗan kotso da na taushi, tana gane makaɗin da ya iya jefa magana da wanda yake cika baki kawai. Hannayen mutanenta kuwa ba su taɓa hutawa da ƙira da zane da ɗinki ba, tun zamanin da ba a rubuta ba har zuwa yau. Abin da ya yi ƙaranci shi ne idon da zai tsaya ya duba aikin, ya tambayi wanda ya yi shi, ya adana sunansa. Tarihin da ke tafe yana nuna cewa duk lokacin da idon gida ya yi barci, idon baƙo ne yake farkawa, kuma baƙo ba ya barin abin da ya gani a inda ya gan shi.

Abin da ƙasa ta ɓoye

A shekarar 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Ba a fahimci darajarsa ba sai bayan shekara 15, lokacin da aka kai wa Bernard Fagg wani kan daga Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa don korar tsuntsaye. Fagg ya lura da kamannin da ke tsakanin kawunan biyu, daga nan aka fara maganar al'adar Nok, aka kuma buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952. Labarin yana da darasi tun daga farkonsa: ɗaya daga cikin tsofaffin ayyukan sassaƙa na Afirka ta Yamma ya yi damina yana gadin gona, domin wanda ya tsince shi bai sami mai gaya masa ko mene ne ba.

Rabon Zamfara daga wannan labari ya fi ɗaci. A cikin shekarun 1990 aka fara ganin wasu mutum-mutumin yumɓu a kasuwannin kayan tarihi na Turai, masu manyan girare da suka rufe idanu, da fuska a murtuke, wasu da siririn gemu. Dillalai suka laƙaba masu sunan Sakkwato, wasu kuma masu wata siffa daban aka ce da su na Katsina. Gwajin da aka yi wa yumɓun ya nuna shekarunsu sun kai wajen 2,000, wato tsararrakin na Nok ne. A lokacin da aka fara kwasarsu Zamfara tana cikin Jihar Sakkwato, domin sai ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka yanke ta. Saboda haka sunan Sakkwato ya rufe sunayen garuruwan da aka yi haƙar a cikinsu. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi ambata shi ne Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bungudu, garin nan na gindin dutse da aka sani da bikin kamun maiki tun zamanin maguzanci.

A shekarar 2000 wani mai binciken kufai ɗan Ingila, Patrick Darling, ya buga maƙala da ya haɗa sunan Nok da na Kwatarkwashi a kanunta, yana kukan irin wawashen da aka yi wa wuraren biyu. A wannan shekarar ce kuma Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, ta sa yumɓun Nok da na Sakkwato da na Katsina a ciki. Har ila yau a cikin watan Afrilu na shekarar, aka buɗe wani sashe a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, aka baje yumɓun Nok guda 2 da na Sakkwato guda 1, alhali dokar Nijeriya ta 1979 ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. Bayan cece-ku-ce, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta ba ta aronsu na shekara 25.

Hasarar da aka yi ta wuce ta kayan kansu. Mai binciken kufai yana karanta ƙasa kamar yadda malami yake karanta littafi, shafi bayan shafi: me aka binne tare da me, a wane zurfi, kusa da murhu ko kusa da kabari. Wanda ya yi haƙa da diga cikin dare ya yayyaga shafukan. Shi ya sa har yau ake kallon waɗannan fuskoki masu nauyin gira a Faris da Landan da Brasels, ana yaba gwanintar maginansu, amma babu mai iya nuna ramin da kowanne ya fito. Talakan da ya sayar da su a kan kuɗin cefane bai cancanci a ɗora masa laifin duka ba. A wurinsa gunki ne na mutanen da suka shuɗe, kuma babu makaranta ko fada ko hukuma da ta taɓa nuna masa wata ma'ana ta dabam. Kalmar da aka kira abu da ita takan yanke masa hukunci: wanda aka kira gunki sai fashewa ko sayarwa, wanda aka kira kayan tarihi sai adanawa.

Alƙalami, allura da makuba

Kafin a kai Kwatarkwashi daga gabas akwai ƙasar Tsafe, inda kufan 'Yandoto yake. 'Yandoto ta yi ƙarnoni tana garin malamai, ɗalibai suna zuwa mata daga nesa, har zuwa 1806 lokacin da rundunar Muhammadu Bello ta ci ta a farkon jihadi. Sarautar Tsafe har yau tana ɗauke da sunan, ana cewa 'Yandoton Tsafe. Garin da ya tara malamai kuwa dole ya tara marubuta, kuma marubucin Alƙur'ani a ƙasar Hausa mai zane ne ko da bai kira kansa haka ba. Shi yake fere alƙalaminsa na gamba ko na kara, ya dafa tawadarsa, ya rubuta baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya, ya ƙawata kan sura da alamar hizbi da ta sujada da da'irori da murabba'ai masu shiga cikin juna. Ranar saukar karatu kuma akan yi wa ɗalibi zayyana a allonsa, a kewaye ayoyin da launuka, ya riƙa zagayawa da shi gidajen dangi ana sa albarka. Wannan baje koli ne cikakke, mai ɗan kallo da mai yabo da mai tukuici, shekaru aru-aru kafin a kawo mana kalmar daga waje.

Haka abin yake ga allura. Babbar riga mai aska takwas ko aska biyu, da tambarin da ke ƙirjinta da bayanta, tana farawa ne daga hannun wanda ya zana tsarin a kan yadin da alƙalami, sannan maɗinki ya bi sawunsa wata da watanni. Magina kuma suna da nasu fagen a fuskar zaure, inda ake murɗa laka a fitar da dagi da takobi da sauran siffofi, a shafe da makuba, a ɗora zankwaye a bisa. Mata suna da ƙwarya da faifai da jeren ɗaki da lalle. Duk wanda ya taɓa ganin uwargida tana zaɓen ƙwarya a kasuwa, tana juya ta tana duba ko zanen ya haɗu a inda ya faro, ya ga mai nazarin fasaha a bakin aikinta.

Al'ummar da ta samar da waɗannan ta kuma samar da ma'aunin tantance su, ma'aunin kuwa shi ne kalmar gwani. A Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a da bakunan laka waɗanda masana gine-gine na duniya suke zuwa kallo har yau, aka ba shi sarautar Babban Gwani. Sunansa ya tsira domin fada ta gan shi, ta ɗaukaka shi, zuriyarsa ta gaji sarautar. Takwarorinsa nawa ne suka yi aiki a Gusau ta Malam Sambo Ɗan Ashafa, ko a Bungudu, ko a Tsafe, damina ta wanke aikinsu, mantuwa ta wanke sunansu? Makaɗi yana saka sunansa a cikin waƙarsa, ya yi wa kansa kirari, don haka duk inda waƙar ta je da shi take zuwa. Mai zayyana ba ya sa hannu a allo, maɗinki ba ya rubuta sunansa a riga. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya bayyana rabin abin da ya sa muka san mawaƙanmu muka jahilci masu zanenmu.

Dogo ya iso, Zariya ta buɗe aji

Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa aka shimfiɗa shi don kwasa, amma ya shigo da abubuwan da ba a yi lissafinsu ba. Kantuna suka buɗe, unguwanni irin su Sabon Gari da Kantin Daji suka cika da baƙi, aka soma ganin hoto a jikin gwangwani da kalanda da atamfa. Sabuwar sana'a ta bayyana, ta mai fenti da buroshi, wanda yake rubuta sunan shago a allo, daga baya ya koma jikin manyan motoci yana zana zaki da dawisu da dabino, ya rubuta karin magana a ƙasa. A shekarun 1960 masaƙar Gusau ta ƙara jawo ma'aikata daga sassan ƙasa. Idon mutumin Gusau ya saba da hoto ta hanyar ciniki, tun kafin wani ya ce masa hoto abin nazari ne.

A ɗaya bakin layin kuma wani abu yana faruwa wanda ya sauya tarihin zane a Nijeriya baki ɗaya. A 1955 aka maido da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya daga Ibadan zuwa Zariya. Yawancin malaman Turawa ne, manhajar kuma ta makarantun Ingila ce. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Ra'ayinsu shi ne mai zane ya karɓi dabarun da aka koya masa a aji, ya koma gida ya nemo siffofin kakanninsa, ya haɗa su har su zama abu ɗaya. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Jimo Akolo, abokin karatunsu, ya zana makaɗa da mahaya dawakin Arewa. Ƙungiyar ta watse a 1961, kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, amma irin da suka shuka ya game ƙasa.

Akwai abin lura a nan. Juyin ya faru ne a tsakiyar ƙasar Hausa, tafiyar yini ɗaya a jirgin ƙasa daga Gusau, amma jagororinsa daga kudu suka zo, kuma a Ibadan da Legas da Inugu aka fi cin amfaninsa. Ɗalibin da ya fi kowa kusa da zayyana da dagi da aska takwas bai shiga ajin ba a wancan lokaci, domin karatun boko ya makara a wurinmu, kuma iyayen da suka yarda da shi sun fi son ɗansu ya fito alƙali ko malamin asibiti. Waɗanda suka tsaya suka rubuta tarihin fasahar Hausa a wannan zango galibinsu baƙi ne. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi maɗinka da masu zanen riga, ya rubuta labarin Musa Yola mai zanen bango, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan a 1976. Ba don shi ba, da Musa Yola ya bi sahun dubban da ba a san sunansu ba.

Labarin Ladi Kwali ya nuna ɗaya fuskar al'amarin. Maginiyar tukwane ce 'yar Gbagyi, wadda Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga aikinta ya tara tukwanenta a gidansa. A can Michael Cardew ya gan su, kuma a 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja. Tukwanenta suka je Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau kuma hotonta yana bayan takardar Naira 20. Ana yawan cewa Bature ne ya gano ta. Gaskiyar ita ce sarki ne ya fara ganinta, Baturen ya tarar da ita an riga an ɗora ta a inda ido zai kai. Da tukwanen suna bayan ɗaki cike da ruwa, da ya wuce su.

Tambayar da ke zaure

Ba a yi wa mai karatu adalci ba idan aka yi maganar zane a Zamfara aka tsallake addini. A Gusau ne aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci ranar 27 ga Oktoba, 1999, kuma tun kafin wannan rana mutanen ƙasar masu kishin addininsu ne. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan surantawa sanannu ne, kuma yaron da ya ɗauki fensir ya zana fuska yakan ji su tun kafin ya gama. Sai dai malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta zauren ƙasar nan, sun yi bayani dalla-dalla. Sun tsananta a kan cikakkiyar surar mai rai wadda take da jiki da inuwa, sun sassauta a kan wadda take shimfiɗe a takarda ko tufa duk da cewa barinta ya fi a wurinsu, ba su kuma ga laifi ga zanen itace da dutse da gini da siffofin lissafi ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai suke karantawa a ko'ina, ta taɓo wannan bambanci. Fagen da aka bari a buɗe yana da faɗi ƙwarai, kuma a cikinsa ne duniyar Musulunci ta gina fasaharta daga Andalus har Samarƙand.

Ibrahim El-Salahi na Sudan ya taka irin wannan hanya. An haife shi a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne, ya yi karatun zane a Landan. Da ya dawo gida ya baje ayyukansa irin na Turai, sai ya ga mutanensa ba su kula ba. Maimakon ya zarge su da rashin wayewa, ya koma ya duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu da abin da suke girmamawa, ya tarar da rubutun Larabci da adon allo da na ƙwarya. Ya sa harafi ya zama ƙashin bayan zanensa, mutane suka dawo suna kallo. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya masa baje kolin ayyukan rayuwarsa. Allon da ya kai shi can bai bambanta da wanda ke jingine a kowace tsangaya tsakanin Tsafe da Bungudu ba.

Masu zanen yau

Arewa ba ta rasa masu zane na zamani ba. Gani Odutokun, wanda ya koyar a Zariya har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995, ya yi suna wajen kwarara fenti a kan yadi ya bar shi ya nemi hanyarsa, ya kuma yi wa mulkin soja shaguɓe a zanensa na sarki da janar-janar ɗinsa. Farfesa Jerry Buhari ya shafe shekaru yana zana lalacewar muhalli da ta al'umma. Kaltume Gana ta yi aiki a Kano a matsayin mai zane da kuma mai kula da gidan baje zane. Williams Chechet, wanda ya tashi a Kaduna, ya ɗauki fuskokin mutanen Arewa na kan titi ya lulluɓe su da launuka masu haske a jerin da ya kira We Are The North, wato mu ne Arewa. Fati Abubakar ta ɗauki kyamara a Maiduguri a 2015, lokacin da duniya ba ta san komai game da Borno ba sai bom, ta riƙa sa hotunan 'yan makaranta da 'yan kasuwa da amare a shafinta na Instagram mai suna Bits of Borno, har manyan jaridun duniya suka waiwayo.

Misalin Fati ya fi kowanne kusa da halin da muke ciki. Yau idan aka ambaci Tsafe ko Bungudu a labarai, abin da ke biyo baya shi ne hari ko garkuwa ko gudun hijira. Gaskiya ne, kuma babu amfanin ɓoye shi. Sai dai mutanen da abin yake faɗa wa suna da ido, wasunsu kuma suna da hannu. Wata rana a Gusau na kai allon shago wurin wani saurayi mai fenti a gefen tsohuwar kasuwa. Ina jira sai na hango wasu kwalaye a ƙarƙashin bencinsa, na nemi izinin dubawa. Ya yi jim, sannan ya ce, “Malam, wasa ne kawai nake yi in babu aiki.” Zane ne na gawayi, fiye da 20. Mata ne zaune a bakin tasha da ƙullin kaya, duk an zano su ta baya, babu fuska ko ɗaya. A wani kwalin rumbu ne da aka ƙone, kaza tana tono a gindinsa. Na tambaye shi dalilin da ya sa ba ya zana fuskokin. Ya ce da farko don gudun maganar mutane ne, daga baya kuma ya ga bayan mace mai jiran mota ya fi fuskarta faɗin abin da ke ranta. Ban taɓa karanta rahoton da ya gaya mini abin da waɗannan kwalaye suka gaya mini ba. Na tambaye shi ko wani ya taɓa saya, ya yi dariya ya ce ai ko tambaya ni ne na fara.

Wayar hannu ta buɗe wa irinsa ƙofar da ba ta buɗe wa Musa Yola ba. Mai zane a Gusau yana iya sa aikinsa a Facebook da safe, kafin azahar wani a Legas ko Yamai ya gani. 'Yan mata masu lalle suna musayar sababbin tsare-tsare da takwarorinsu na Sudan da Indiya. Amma ƙofar ba ta da tabbas. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu mai jin ɗuriyar wani. Ko da layi yana aiki, hoton da ke cikin waya yakan tafi tare da wayar ranar da ta faɗa ruwa. Kasuwar kuma tana nesa. A 2018 aka yi gwanjon zanen Tutu na Ben Enwonwu a Landan a kan fam miliyan 1.2, kuma tun 2016 ake cin kasuwar zane ta Art X a Legas duk shekara. Idan wata rana dillalan wannan kasuwa suka gano cewa akwai abin saye a Zamfara, za su zo, kamar yadda na Kwatarkwashi suka zo, su saya da araha daga hannun wanda yake ganin wasa yake yi.

Kammalawa

Tarihin da aka bi a nan ya maimaita abu ɗaya sau uku. Yumɓun Kwatarkwashi ya tafi ba suna ba adireshi, domin babu wanda ya gan shi a gida kafin dillali. Babban Gwani da Ladi Kwali sun tsira da sunayensu, domin wani mai faɗa a ji a garinsu ya tsaya ya duba. Musa Yola ya tsira da ƙyar, albarkacin baƙon da ya ɗauki alƙalami. Abin da ya raba su duka shi ne samun shaida, wato mutumin da zai ce na gani, ga wanda ya yi, ga ranar da ya yi.

Aikin shaida bai fi ƙarfinmu ba, kuma ba sai an jira ginin gwamnati ba. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta mata da ke garin, suna da ɗalibai da ake ba aikin bincike duk shekara. Ɗalibin Hausa da zai rubuta kundi a kan salon wani mawaƙi da aka riga aka yi wa kundi goma yana iya zuwa ya zauna da mai zayyana a Tsafe, ko mai zanen motoci a gareji, ko tsohuwar da ta iya zanen ƙwarya a Bungudu, ya ɗauki hoton aikinsu, ya rubuta sunayen siffofin da bakinsu. Fadojin Gusau da Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi, waɗanda suka rayar da makaɗa ƙarni bayan ƙarni, suna iya ware bango ɗaya na zaure ranar hawan salla a rataye aikin 'ya'yan gari. Attajirin da yake sayo hoton bango daga Dubai yana iya taka ƙafa zuwa bakin kasuwa. Mai zanen kuma ya koyi abin da makaɗi ya daɗe da sani, ya sa sunansa da shekara a gindin aikinsa.

Na koma wurin saurayin nan bayan mako biyu na sayi kwali ɗaya, na matar da ke zaune a kan ƙullin kayanta. Kafin in karɓa na ce ya rubuta sunansa a ƙasa. Ya ɗauki gawayin ya tsaya yana juya shi, ya ce, “Malam, da boko ko da ajami?” Na ce da duk wanda ya ga dama. Ya rubuta da ajami, ya ƙara da sunan ƙauyen da iyayensa suka baro.